Katalog ɗin laburare ya ce min babu komai a kan tofik ɗina

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a kwaleji, an ba ni tofik ɗin furojet a kan tasirin wayar hannu ga karatun ɗaliban sakandare. Na je laburare na zuba tofik ɗin gaba ɗayansa a kwamfutar katalog, ta ce min babu sakamako ko ɗaya. Na koma Google, abin da nake samu ko dai furojet ɗin wasu ne da ake sayarwa, ko maƙalar da sai an biya kuɗi kafin a buɗe. Sufabaizana kuma ya ce ba ya son manazarta daga shafukan intanet na haka kawai. Laburaren namu ne ba shi da kaya ko ni ce ban iya ba? Don Allah a taimaka."

Wa alaikumus salam ƙanwata. In na fahimce ki tambayoyi biyu ne kika dunƙule wuri guda, na farko me ya sa katalog ya ce babu, na biyu kuma ina ake samun maƙalun da malami zai karɓa ba tare da an ce ki kawo kuɗi ba. Aikina ke nan, a teburin amsa tambayoyi na laburare nake zama, kuma wannan kukan naki da lokacin furojet ya kama kusan kullum sai na ji shi a bakin wani. Gaskiyar magana da wuya ƙwarai a ce laburaren kwaleji ba shi da komai a kan batu irin naki. Abin da ya faru shi ne kin yi wa katalog magana irin yadda ake yi wa Google, shi kuwa ba haka yake jin magana ba, kuma ba laifinki ba ne tunda ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya nuna miki.

Bari mu fara daga menene ma katalog ɗin. A da katuna ne a cikin durowa, kowane littafi ana yi masa kati da sunan marubuci, wani da sunan littafin, wani kuma da fannin da yake magana a kai. Da kwamfuta ta zo sai aka kwashe waɗannan katunan aka zuba mata, shi ne abin da za ki ji ma'aikata suna kira OPAC. Laburarori da yawa suna amfani da wata manhaja mai suna Koha wadda aka fara ƙirƙira a New Zealand a 1999, wasu kuma suna da tasu daban, amma aikin duk ɗaya ne. To abin da ke cikin kwamfutar har yanzu katin nan ne, wato sunan marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekara, kalmomin fanni guda biyu ko uku ko huɗu, da lambar inda littafin yake a kanta. Ba abin da ke cikin shafukan littafin ba ne. Ke kuma kin rubuta jimla mai kalma goma sha wani abu, katalog ya shiga neman kati ɗaya da ya ƙunshi dukkan kalmomin nan a tare, bai samu ba, ya ce babu. Google in kin ba shi doguwar jimla zai zubar da wasu kalmomin, ya gyara miki kuskuren rubutu, ya yi hasashen me kike nufi. Katalog yawanci ba ruwansa da wannan, harafi ɗaya kika kuskure zai iya ce miki babu alhali littafin yana nan a kanta yana shan ƙura.

Sannan akwai abu na biyu da ɗalibai da yawa ba su sani ba. Katalog na gargajiya yana nuna miki sunan mujalla da shekarun da laburare yake da su, amma ba ya nuna maƙalun da ke cikin mujallar ɗaya bayan ɗaya. Wasu makarantun sun sayi akwatin bincike guda mai haɗa littattafai da maƙalu, irin su Primo ko Summon ko EBSCO Discovery Service, amma in naku ba irin wannan ba ne, ko shekara za ki yi kina neman maƙala a katalog ba za ki gan ta ba. Wurinta daban ne, zan zo kansa.

Fasa tofik ɗin tukuna

Kafin ki sake taɓa kwamfuta ki ɗauki takarda da biro. Tofik ɗinki in aka tace shi abubuwa uku ne kawai a ciki: waya, ƙoƙarin karatu, da ɗaliban sakandare. Sauran kalmomin irin su effect, impact, study, a case of, duk ki watsar da su, ba sa ƙara komai sai rage miki sakamako. A ƙarƙashin kowane ɗaya daga cikin ukun nan ki jera sauran sunayen da marubuta suke kiran abin da su, tunda da Turanci za ki nema. Waya wani zai ce mobile phone, wani cell phone, wani smartphone. Ƙoƙarin karatu wani zai ce academic performance, wani academic achievement, wani grades. Ɗaliban sakandare a Amurka high school students ake ce musu, wani kuma adolescents zai rubuta. Wannan 'yar takardar ita ce rabin aikin, kuma ita ce abin da nake fara sa kowane ɗalibi ya yi a gabana kafin mu kunna komai.

Haɗa su kuma da kalmomi uku ake yi, AND da OR da NOT, ana jingina tsarin ga George Boole masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19. OR yana faɗaɗawa, da shi ake haɗa kalmomi masu ma'ana ɗaya, kamar smartphone OR "mobile phone". AND yana matsewa, da shi ake haɗa bangarori daban, waya AND karatu. NOT kuwa ni ba na son sabon shiga ya fara da shi, don yana iya jefar da maƙala mai kyau kawai saboda kalmar ta gifta a cikinta sau ɗaya. Ki rubuta su da manyan baƙaƙe. In kalma biyu ce kike so su zo a jere ki sa su cikin alamar zance kamar yadda na yi a sama, in kuma kika sa tauraro a ƙarshen tushen kalma, misali adolescen*, yawancin rumbunan neman maƙalu za su kawo miki adolescent da adolescents da adolescence gaba ɗaya. Shafin Advanced search ya fi sauƙi, don akwatuna ne a jere, kowane bangare ki ba shi akwatinsa.

Amma a katalog na littattafai kar ki haɗa ukun duka, ki fara da ɗaya ko biyu. Littafi faɗi gare shi, da wuya ki samu wanda aka rubuta sukutum a kan waya da jarrabawar 'yan sakandare, abin da za ki samu shi ne littafin fasahar koyarwa ko na ilimin halayyar ɗalibi wanda yake da babi ɗaya ko biyu da suka shafe ki. Irin waɗannan su ne za su ba ki ma'anar kalmomi da ra'o'in da za ki gina babi na biyu na furojet ɗinki a kansu.

Kati ɗaya mai kyau ya ishe ki farawa

Nan ne nake so ki fi natsuwa, don wannan ita ce dabarar da ta fi kowace amfani kuma ita aka fi tsallakewa. Da kin samu littafi ɗaya tak da ya yi kusa da abin da kike so, kar ki yi saurin kwafar lamba ki tashi. Buɗe cikakken bayaninsa ki gangara ƙasa inda aka rubuta Subject ko Subjects. Kalmomin da ke wurin ba marubucin ne ya zaɓe su ba, ma'aikacin laburare ne ya duba littafin ya ɗauko su daga wani tsararren jerin kalmomi, yawanci na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, domin duk littattafan da ke magana a kan abu ɗaya su taru a ƙarƙashin suna ɗaya ko da marubutansu sun kira abin da sunaye goma. A wannan jerin, abin da kike kira academic performance sunansa Academic achievement, wayar hannu kuma Cell phones. Kin ga ke nan mai yiwuwa littattafan suna nan tun farko, kin kira su ne da sunan da ba shi aka rubuta musu ba. A yawancin katalog in kin latsa kalmar nan za ta jero miki duk abin da laburare yake da shi a ƙarƙashinta. Na sha ganin ɗalibi ya zo fuska a murtuke yana rantsuwa babu komai, mu latsa kalma ɗaya a ƙasan kati ɗaya, shafi ya cika har ya rasa wanda zai fara ɗauka.

Sai lambar. Tsari biyu ne suka fi yawa. Akwai na Dewey wanda Melvil Dewey ya fitar a 1876, shi ya raba ilimi gida goma daga 000 zuwa 900, harkar ilimi da koyarwa tana 370, ilimin halayyar koyo yana 370.15, sakandare tana 373. Akwai kuma na Laburaren Majalisar Amurka mai farawa da baƙaƙe, L ilimi, Q kimiyya, R likitanci, K shari'a, S noma, littattafan koyarwa da yawa za ki same su a LB. Ki kwafi lambar dukkanta har da baƙaƙen da ke ƙasa, ko ki ɗauke ta hoto da waya, rabin lamba ba ta kai mutum ko'ina. Wani ƙaramin abu da ke ɓatar da mutane a Dewey: abin da ke bayan ɗigo ana karanta shi ne lamba bayan lamba, don haka 370.15 yana zuwa kafin 370.2 a kanta, ba bayansa ba, duk da ido yana ganin 15 ta fi 2. In kin isa wurin kuma ki dubi na dama da na hagu da na sama da na ƙasa, tunda an jera su ne bisa fanni, maƙwabtan littafin sau da yawa sun fi shi kansa amfani. Ki buɗe jerin babi-babi a gaba da fihirisar kalmomi a baya, cikin ɗan lokaci za ki san ko ya cancanci ɗauka.

Ki kuma duba matsayin littafin a katalog kafin ki wahalar da ƙafa, ko yana nan, ko an ara, ko na sashen da ba a fita da shi ne, ko malami ya sa an keɓe shi a tebur. In ya ce yana nan kika je babu, ki faɗa wa ma'aikaci, wani lokacin an mayar da shi gurbin da ba nasa ba, wani lokacin yana kan keken da ake kwaso littattafai, wani lokacin kuma, abin takaici, ɗalibi ne ya ɓoye shi a wata kanta don kar wani ya riga shi.

Inda maƙalu suke

Maƙalun mujallun ilimi suna cikin rumbunan da muke ce wa databes. Wasu makaranta ce take biyan kuɗin rajista duk shekara, irin su JSTOR da EBSCOhost da ProQuest da ScienceDirect, kuma abin da ya sa ake ce miki ki biya shi ne kin shigo ta ƙofar Google a wayarki, shafin bai san ke ɗalibar makarantar da ta riga ta biya ba ce. Ki shiga ta shafin laburarenku, ko a kwamfutocin laburare, ko a kan intanet ɗin makaranta. Wasu makarantun suna da hanyar shiga daga gida, EZproxy ko OpenAthens, da lambar ɗalibi da kalmar sirri. Ki je ki tambaya kai tsaye, "waɗanne databes muke da rajista da su bana, kuma yaya ake shiga?" Na ce bana don rajista tana ƙarewa, abin da ke rubuce a allon sanarwa ba lallai ne yana aiki ba. Ki kuma tambaya ko makarantar tana cikin Research4Life, shiri ne da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko a rahusa, ya fara da Hinari na fannin lafiya a 2002, sai AGORA na noma a 2003, OARE na muhalli a 2006, daga baya ARDI da GOALI suka biyo. Abin da ke ci min rai wallahi shi ne makaranta ta yi rajista, kalmar sirri tana durowar wani ofis, ɗalibai kuma suna can suna sayen furojet ɗin wasu.

Ko da an ce miki babu rajistar komai, ba ki rasa ba. Tunda batunki na ilimi ne, ERIC ne gidanki na farko, databes ne na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, bincike a cikinsa kyauta ne, akwai wurin da za ki latsa ya tace miki waɗanda masana suka tantance kaɗai, da wani wurin na waɗanda cikakken rubutunsu yake nan a sauke. Shi ma yana da nasa jerin kalmomin fanni, dabarar nan ta kati ɗaya tana aiki a cikinsa daram. Akwai DOAJ da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, mujallun da ke ciki duk buɗaɗɗu ne, wato kyauta ake karanta su. Akwai AJOL mai tattara mujallun da ake bugawa a Afirka tun 1998. In binciken ya gangara wajen barci ko lafiyar ƙwaƙwalwar matasa masu raba dare a kan waya, PubMed za ki leƙa. JSTOR yana da kyau sosai ga tsofaffin ayyuka, sai dai mujallu da yawa a cikinsa ba a sa fitowarsu ta 'yan shekarun baya-bayan nan, batun waya kuma kullum sauyawa yake, don haka kar ki dogara da shi shi kaɗai.

Google Scholar kuma daban yake da Google ɗin da kika shiga, tun 2004 yake, ayyukan ilimi yake tarowa. Abubuwa kaɗan za ki riƙe a cikinsa. In kin ga PDF a gefen dama to akwai kwafin kyauta. In babu ki latsa All versions, sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa. Cited by kuma yana nuna miki waɗanda suka yi amfani da maƙalar bayan fitowarta, to in kika haɗa wannan da manazartar da ke ƙarshen maƙalar, kin samu na baya da na gaba ke nan, daga maƙala ɗaya mai kyau sai ki tara abin da zai ishe ki. A cikin saitinsa akwai Library links, in makarantarku ta yi rajista a wurin zai riƙa nuna miki abin da kuke da damar buɗewa. Wadda ta ƙi buɗuwa duk da haka, akwai Unpaywall da ake liƙa wa burauza yana nemo halastaccen kwafin kyauta, ko ki tura wa marubucin imel cikin ladabi, da yawansu suna turowa da murna, ko ki tambaya ko laburarenku yana aro daga wasu laburarorin.

Ba duk abin da ya fito ake ɗauka ba

Abin da sufabaizanki yake nufi shi ne yana son aikin da wasu masana suka duba kafin a buga. Sai dai ki sani Google Scholar ba ya tace wannan, har da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana biyu uku suna fitowa a ciki. In kin ga mujalla ɗaya tana buga noma da shari'a da injiniyanci da adabi duk a fitowa guda, ga kurakuran rubutu tun daga shafin farko, ki yi hattara. Ki karanta taƙaitawar farko, sannan ki tsallaka wajen hanyar bincike ki ga mutum nawa aka tambaya, a ina, ta yaya aka auna ƙoƙarin karatun, makin jarrabawa na gaske ne ko abin da ɗaliban suka faɗa da bakinsu ne. Ki kuma ɗauki waɗanda sakamakonsu ya saɓa wa abin da kike tsammani, bitar ayyukan da suka gabata da kowa ya ce abu ɗaya ba ta burge malamin kirki.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT za su iya taya ki jero kalmomi masu ma'ana ɗaya, amma kar ki karɓi manazarta daga hannunsu ido rufe, suna ƙirƙiro sunan marubuci da maƙala da shekara da babu su a duniya. An sha kawo min irin wannan jerin a nema, mu yi ta lalube babu. Duk maƙalar da ba ki buɗe da idonki ba kar ta shiga aikinki. Yawancin maƙalun zamani suna da lambar DOI mai farawa da 10 da ɗigo, ki zuba ta a doi.org, in ta kai ki ga maƙalar da sunanta ya dace to gaskiya ce. Kuma tun daga ranar farko ki riƙa adana bayanin duk abin da kika sauke, marubuci, shekara, mujalla, kundi, shafi. Zotero kyauta ne, yana kwashe wannan da latsawa ɗaya ya tsara miki shi a salon rubuta manazarta na APA ko wanda sashenku yake so, sai dai ki bi ki duba don in bayanin ya shigo da kuskure haka zai fito da shi.

Akwai inda ƙarfina ya tsaya, gara in faɗa miki. Ni zan iya kai ki ga maƙala in nuna miki alamun mujallar kirki, amma ko ra'in da kika zaɓa ya dace da bincikenki, ko shekara nawa baya aka yarda ki koma, wannan hukuncin sufabaizanki ne da ƙa'idar sashenku. Sannan duk abin da na faɗa a kan katalog yana aiki ne a kan abin da aka riga aka shigar. Laburarori da yawa ba su gama kwashe tsofaffin katunansu zuwa kwamfuta ba, kundayen ɗaliban da suka gama kuma sau da yawa suna wani ɗaki daban da rajistarsu ta takarda, to su sai kin je da ƙafarki kin tambaya. Ki duba su don ganin tsari da manazartar da suka bi, ba don kwafa ba, makarantu da yawa yanzu suna saka aiki a manhajar gano satar rubutu irin Turnitin. Rumbunan nan ma sun fi ƙarfi a kan abin da aka rubuta da Turanci aka buga a manyan mujallu, binciken da aka yi a ƙananan wurare ko da wasu harsuna yakan yi ƙaranci a ciki, in kin ga haka ki rubuta shi a aikinki a matsayin giɓin da kika tarar, ba aibi ba ne.

In za ki koma laburaren ki tafi da takardar nan ta kalmomi, ki rubuta waɗanda kika gwada da inda kika gwada su da abin da ya fito, ki nemi mai kula da sashen bincike ko sashen intanet ba mai ba da aron littafi a ƙofa ba, kuma ki zaɓi safiya kafin wurin ya cika don ya samu sukunin zama da ke a gaban kwamfuta. Allah Ya ba da sa'a.